Ba a Koya wa Yaya Faɗuwa Ba

Ƙasusuwa biyu ne suka karye, duka a wuyan hannun dama. Likita ya ɗaga hoton ya nuna musu da bakin biro, nan da kuma nan. Ya ce za a sa ƙarfe da kusoshi shida, hannun zai yi mako takwas a ɗaure, daga nan a fara gashin ƙashi. Matar Yaya ta tambaya ko zai koma riƙe aska kamar da. Likita ya mayar da biron aljihu ya ce za a gani.

Yaya mai aski ne. Shekara goma sha tara ke nan yana tsaye a bayan kujera ɗaya, kuma masu zuwa shagonsa daga nesa ba don injin aski suke zuwa ba, kowa yana da inji. Don gyaran fuska suke zuwa, layin da yake fitarwa da aska daga goshi zuwa bayan kunne, wanda ba ya komawa kansa sau biyu.

Ƙanensa yana tsaye a bakin ƙofa, ko wandon atisaye bai canza ba. Kunkuru ake ce masa a gidan atisaye, saboda duk karawar da zai yi a kan bayansa take ƙarewa, ƙafafu a sama. Yaya ne ya raɗa masa sunan, ya bi shi har gida.

"Wai ma yaya aka yi?" in ji matar Yaya.

"Santsi ne," in ji Yaya. "Gumi ya jiƙa katifa, na zame, na tokare da hannu. Wautata ce. Ko ba haka ba, Kunkuru?"

"Haka ne," in ji Kunkuru.

Ba haka ba ne, kuma dukansu biyu sun sani. Kunkuru ne ya kayar da shi. Yaya ya faɗi santsi ne don kada matarsa ta riƙe ƙanensa a zuci. Sai dai a wurin Yaya kayen sa'a ce kawai, irin wadda takan faɗo wa kowa sau ɗaya a rayuwa. Kunkuru kaɗai ya san ba sa'a ba ce, kuma ya san in ya faɗi sauran labarin, ba lallai ya sake samun wan da zai yi ƙarya dominsa ba.

Gidan atisayen nasu ɗaki ne dogo a saman wani shagon taya, faɗinsa bai wuce taku bakwai ba. Jiu-jitsu irin na Brazil ake koyarwa a ciki, kokawar da ba ta ƙarewa don an kai mutum ƙasa. A ƙasan ma take farawa, ana neman shaƙe wuya ko lanƙwasa gaɓa har ɗayan ya bubbuga hannu, alamar ya sallama. Katifar ta mutum goma ce, masu zuwa sun haura ashirin. Don kada a riƙa faɗo wa juna a ka, Koci, mai koyar da su, ya kafa doka tun farko cewa daga durƙuso ake fara kowace karawa, ba a miƙewa tsaye sai saura mako biyu gasa. Shi ya sa akwai masu shekara goma a ɗakin da suka san hanya arba'in ta shaƙe mutum, amma ba wanda ya taɓa koya musu yadda ake faɗuwa daga tsaye.

A gasa kuwa daga tsaye ake farawa. Sau huɗu a jere Kunkuru yana fita a zagayen farko, kuma duk iri ɗaya: a kayar da shi a minti na farko, a ba wancan maki biyu, ya ƙare sauran lokacin a ƙasa yana fafutuka. Bayan na huɗun ne wani abokin aikinsa a kantin fenti ya ba shi labarin wani dattijo da ke koyar da judo a zauren wata makarantar koyon sana'a, Talata da Asabar, ƙarfe shida na safe.

Bai gaya wa kowa ba. Koci yana ɗaukar zuwa wani gidan atisaye a matsayin cin amana, Yaya kuwa shi ne ɗalibin Koci mafi daɗewa, har makullin ɗakin a hannunsa yake. Wannan ne dalilin da Kunkuru ya ba kansa. Akwai wani dalilin a ƙarƙashinsa da bai cika son dubawa ba. Shekara goma sha ɗaya suna karawa da Yaya, sau uku a mako, bai taɓa cinsa ba ko sau ɗaya.

Dattijon tsohon direban bas ne, gwiwarsa ɗaya ba ta lanƙwasuwa. Ɗalibansa Tsoho suke ce masa a bayan ido, Malam a gaban ido. Ranar farko ya kalli ɗamarar Kunkuru ruwan ƙasa, wadda ya yi shekara tara kafin ya samu, ya miƙa masa fara, ta sabon shiga.

"Faɗi mu gani."

Kunkuru ya faɗi da baya, ya tokare da tafin hannu.

"Wannan hannun naka ne ko na aro?" in ji Tsoho. "Haɓa a ƙirji. Ka mari katifa da hannu gaba ɗaya, a miƙe. Ba a tare ƙasa, ta fi ka nauyi. Sake."

Wata uku yana faɗuwa. Baya, dama, hagu, gaba, ɗari biyu kowace safiya, sannan ya yi wanka a famfon makarantar ya tafi kanti ya haɗa wa mutane launin bango. A wata na biyu ya gaji.

"Malam, ni fa kayarwa na zo koya."

"Na ji. Faɗi."

A wata na huɗu Tsoho ya nuna masa kaye ɗaya tak: ka riƙe kwala da hannun riga, ka ja mutum ya tako, ka juya ka shigar da ƙugu ƙarƙashin cibiyarsa, ka ɗaga shi ya wuce ta kanka. Kafin ya bari ya gwada a kan kowa, sai da ya tsayar da shi ya gindaya masa sharuɗɗa biyu.

"Kada ka ɗaga mutumin da ba ka san faɗuwarsa ba. Na biyu, hannun rigar nan da ka riƙe, ba a sakinsa sai ya sauka. Kai ka ɗauke shi daga ƙasa, kai za ka mayar da shi. Ka ji ko in sake?"

"Na ji, Malam."

Ya ji kuwa. Wata uku yana kayar da ɗaliban Tsoho, suna faɗuwa da ƙara kamar an yar da buhu, su miƙe suna gyara ɗamara suna hira. Har ya fara ganin kamar kayen ne ba shi da haɗari, ya manta cewa su ne suka iya sauka.

Ranar da abin ya faru Laraba ce da yamma, saura kwana goma sha biyu gasa. Koci ya tafa hannu ya ce a koma bango, biyu-biyu za a riƙa fitowa, daga tsaye. Yaya ya fito yana murza wuya.

"Kunkuru, taso. Ko in kawo maka matashi tukuna, tunda kwanciya za ka yi?"

Aka yi dariya. Kunkuru ya fito. Ya riƙe kwalar Yaya da hannun rigarsa na dama, ya ja, Yaya ya tako daidai inda ake so ya tako. A wannan ɗan tsakanin Kunkuru ya tuna yadda Yaya yake faɗuwa. Ya sha gani, a ɗakin nan da kuma tun suna yara a kan keke: Yaya hannu yake miƙawa. Ya tuna sarai, kuma ya juya ƙugunsa.

Yaya ya tashi sama ba nauyi. Yana cikin iska Kunkuru ya saki hannun rigar, don ya riga shi kaiwa ƙasa ya danne ƙirjinsa kafin Yaya ya naɗe shi da ƙafafu kamar kullum. Hannun da ya saki shi ne ya miƙe ya tari katifa. An ji ƙarar har matakala.

Abin da ya fi tsaya wa Kunkuru a rai daga baya ba ƙarar ba ce. Kafin ƙarar, na ɗan lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba, ya ji daɗi.

Bayan an yi wa Yaya aikin hannu, Kunkuru ne ya ɗauki jigilar asibiti. Yakan roƙi a sake shi daga kanti ƙarfe goma, ya ɗauki Yaya, ya zauna a benci a sashen gashin ƙashi yana jin wansa yana numfashi ta haƙora a bayan labule. Shi yake ɗaura masa igiyar takalmi, shi yake buɗe shago da safe ya share. Matar Yaya takan tare shi a ƙofa da kofin shayi.

"Ƙanena, Allah ya saka. Ban san yadda za mu yi ba da ba ka nan."

"Haba Anti, ba komai."

Yakan karɓi shayin ya ajiye har ya huce.

A shago, abokin aikin Yaya ya riƙe kujera ta biyu, ta farko kuwa aka lulluɓe ta da mayafin aski. Yaya yakan zauna a bencin masu jira yana matsa wata ƙwallon roba da aka ba shi a asibiti. Tsofaffin masu zuwa wurinsa sukan leƙo, su yi masa sannu, su tambayi yaushe. Wasu suka zauna a kujera ta biyu. Wasu suka ce za su dawo, bayan mako biyu Kunkuru ya gan su a titi da sabon aski.

Yaya bai daina wasa ba. "Ku zo ku ga wanda ya karya ni," yakan ce wa baƙi in matarsa ba ta kusa. "Wannan, mai fuskar salihai. Shekara goma sha ɗaya yana kwance, ranar da ya tashi tsaye sai asibiti." In sun rage su biyu kuma sai ya rage murya. "Ni dai har yau ina mamaki. Ban ma ga shigarka ba. Ina ka samo wannan?"

"Haka dai ya zo, Yaya."

"To, kada ya sake zuwa."

Kunkuru bai shiga gasar ba, bai koma saman shagon taya ba. Koci ya kira shi sau biyu ya ce ƙaddara ce, kowa a wannan wasa ya taɓa ji wa wani ciwo, ya dawo. Ya ce to. Wurin Tsoho ma sai da ya yi mako tara bai je ba. Wata Asabar ya tsinci kansa a ƙofar zauren, da takalmi a ƙafa. Tsoho yana zaune a kujerar roba, ƙafar mai ciwo a miƙe. Kunkuru ya gaishe shi, ya faɗa masa abin da ya faru cikin jimla uku.

"Ka san faɗuwarsa?" in ji Tsoho.

"Na sani. Tokarewa yake."

"Hannun rigar fa?"

"Na sake shi."

"Shi ya san kana zuwa nan?"

"A'a."

Tsoho ya juya ya kalli ɗalibansa, ya daka wa wani tsawa ya sauke haɓa. Sannan ya ce, ba tare da ya waiwayo ba, "Ni hannuna lafiya lau yake, ba ni za ka gaya wa ba. Ka cire takalmi ko ka tafi, kana tare mini iska."

Ya tafi.

A mako na goma sha ɗaya aka ce wa Yaya zai iya fara gwada aiki. Wuyan hannun yana lanƙwasuwa gaba, amma baya sai rabi, kuma babban yatsa yakan yi sanyi ba dalili. Ranar Litinin shagon ba ya buɗewa. Kunkuru ya zo da safe don ya kai shi gashin ƙashi, ya tarar da ƙofa a sakaye, fitila a kunne. Yaya ya hura balan-balan ya ɗaure a jikin kujera, ya shafa masa kumfa, yana bin kumfar da aska kamar yadda ake koya wa sababbin masu aski. A ƙasa akwai yagaggun robobi uku. Kunkuru yana shigowa na huɗu ya fashe, kumfa ta fantsama a madubi.

"Ka ga kwastoman da ba ya ƙorafi," in ji Yaya. "Mutuwa kawai yake yi." Ya yi dariya shi kaɗai, ya ajiye askar. Hannun yana rawa. Ya kama shi da na hagu ya danne a cinya.

"Yaya, ina da magana."

"In aure ne ka bari hannuna ya warke, ba zan iya gaisawa da surukai ba."

"Ba sa'a ba ce. Kayen nan. Koya na yi."

Yaya ya ɗago.

Kunkuru ya faɗa masa komai, yana kallon robobin da ke ƙasa: zauren makarantar, Talata da Asabar, wata bakwai, Tsoho da sharuɗɗansa biyu. Ya faɗa masa ya tuna da tokarewar kafin ya juya. Ya faɗa masa ya saki hannun rigar. Da ya zo kan na ƙarshe sai muryarsa ta ragu, amma ya faɗa.

"So nake in kayar da kai a gaban kowa. Sau ɗaya."

Motoci suna wucewa a waje. Yaya ya ɗauki tawul ya goge kumfar madubi, a hankali, da hannun hagu, har kusurwoyi.

"Wata nawa ka ce?"

"Bakwai."

"A ciki wata uku kana koyon faɗuwa."

"E."

"Kana zuwa gidana kana cin abinci. Muna karawa Litinin, Laraba, Juma'a. Kana kallona ina miƙa hannu kamar mai tare tasi." Ya ninke tawul ɗin biyu. "Kayen bai dame ni ba, Kunkuru. Wallahi da ka kayar da ni na tashi, ni zan fara tafa maka. Minti nawa zai ɗauke ka ka ce, Yaya, sauke haɓa, kada ka tokare? Minti biyar?"

"Da na koya maka, da ka tambaye ni inda na koya."

"Da na tambaya mana. Da na zage ka, in kai ƙararka wurin Koci, mu yi mako biyu ba ma magana. Da yanzu ina aski."



"Na yi wa matata ƙarya saboda kai," in ji Yaya.

"Zan gaya mata."

"Ba za ka gaya mata ba. Matata ce, ƙaryata ce, ni zan gyara abina." Ya tsaya yana kallonsa ta cikin madubi. Sannan ya kwance igiyar balan-balan daga jikin kujerar farko, ya yaye mayafin da ya lulluɓe ta mako goma sha ɗaya, ya kakkaɓe.

"Zauna."

"Yaya, gashin asibiti..."

"Na ce zauna. Dubi kanka kamar tsintsiya. Robobina sun ƙare."

Kunkuru ya zauna. Yaya ya yafa masa mayafin, ya ɗaure a wuya, ya ɗan fi yadda ya saba matsewa. Ya kunna inji. Da inji aikin ya tafi, ko da yake sau biyu yana kashewa ya yarfa hannu, saboda girgizar tana shiga masa har inda kusoshin suke. Gashi ya taru a kan mayafi.

Sai ya ajiye inji, ya sa sabuwar reza a aska, ya shafa kumfa a gefen dama daga goshi zuwa bayan kunne. Ya dafa kan Kunkuru da hannun hagu ya karkatar da shi. Ta madubi Kunkuru yana ganin bakin askar yana rawa kusa da fatarsa.

"Kada ka motsa."

"Ba zan motsa ba."

"Ba tambayarka na yi ba."

Askar ta sauka. Ta yi tafiya mai kyau daga goshi har saman kunne. A nan, inda ake karya wuyan hannu baya don a zagaye kunnen, ta tsaya, ta ƙi, sannan ta zame. Kunkuru ya ji zafi siriri. Bai motsa ba. Jini ya gangaro ta cikin kumfa ya shiga wuyan mayafi.

Yaya ya ɗauki auduga ya danna wurin, ya riƙe. Ya ja baya taku ɗaya ya duba layin, kamar yadda yake duba na kowa. Layin ya karkace a bayan kunne, ko daga bakin ƙofa za a gani. Ya daɗe yana kallonsa.

"Wannan sai ya yi mako biyu kafin ya rufe," ya ce. "In an tambaye ka wa ya yi maka, ka faɗi gaskiya, tunda yau ka iya."

"To, Yaya."

"Makullin Koci yana cikin durowa. In ka fita ka kai masa. Ka gaya masa abin da ka gaya mini, da bakinka."

"Kai fa? Ba za ka koma ba?"

Yaya ya yar da audugar a kwando, ya goge askar a tawul, ya buɗe yatsunsa ya rufe sau uku. Hannun bai daina rawa ba. Ya ɗebo kumfa.

"Saura ɗaya gefen," ya ce. "Juyo."

Kunkuru ya juyar da kansa, ya ba shi gefen hagu.